Ƙirƙirarriyar basira da shirin jarrabawa a Gaya: ina riba, ina hasara?

Gaya gari ne na mahaɗa a Nijar. Gada ce kawai tsakaninta da Malanville ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya kuma tana nan kusa, shi ya sa duk abin da ya shigo yayi a maƙwabta ba ya daɗewa bai iso ba. Bayan fitowar manhajar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, yanzu ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC yana iya ɗaukar hoton tambayar lissafi da waya, ya tura, amsa ta fito kafin ya ajiye biro. Ko wannan sauƙi yana kai yaro ga cin jarrabawa?

Dalili na farko da ya sa ɗalibai suka rungumi abin shi ne ƙarancin mai yi musu bayani. Aji ya cika maƙil, littafi ɗaya yana yawo hannu-hannu, ɗaukar malamin gida kuwa sai mai hali. Na biyu harshe ne. Yaron da ya tashi da Dendanci, Zabarmanci ko Hausa, da Faransanci ake tambayarsa ranar jarrabawa. A gaban jama'a yana jin kunyar cewa bai gane ba, amma manhaja za ta maimaita masa bayani da sassauƙan Faransanci har ya gamsu. Na uku tasirin Najeriya ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan a 2024 ga masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Wannan ya buɗe kasuwar manhajojin gwaji, kuma labarinsu ya tsallako iyaka.

Bincike biyu sun nuna fuskokin lamarin. A tsakiyar 2024, Bankin Duniya ya gwada wani shiri na mako 6 a birnin Benin na jihar Edo a Najeriya, inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Ingilishi da Microsoft Copilot bayan tashi daga makaranta, malamansu na tsaye a kansu. Masu binciken sun ce ci gaban da aka samu ya kusa kai na karatun shekara 2. A Turkiyya kuwa, masana daga Jami'ar Pennsylvania sun bi ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi. Waɗanda aka sakar wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ƙa'ida makinsu ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 a lokacin gwaji, amma da aka karɓe ta aka ba su jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Manhajar da aka tsara don ta nuna hanya kawai, ta ƙi ba da amsa kai tsaye, ita ce ta kauce wa wannan illa.

Wannan darasi ya fi shafar Gaya fiye da Kamba. Ɗan JAMB zaɓi yake yi tsakanin amsoshi huɗu a allon kwamfuta, don haka yawan gwaji yana saba masa da yanayin ranar. Ɗan BAC kuwa takarda ce da biro a gabansa, zai yi sa'o'i yana gina hujja a falsafa ko yana warware lissafi mataki-mataki. Wanda ya saba kwafar rubutun manhaja, ranar nan hannunsa zai tsaya. Ga kuma kuskure: manhajar takan ba da amsa marar tushe da cikakken ƙarfin gwiwa, takan kuma bi tsarin karatun Faransa a inda na Nijar ya bambanta, musamman a tarihi da labarin ƙasa.

Akwai kuma batun adalci. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda cajin waya ya zama aiki. Rufe iyaka da Benin ya taɓa aljihun iyayen da ke ci daga hada-hadar manyan motoci, kuɗin sayen intanet kuma daga aljihun nan yake fitowa. Ɗalibin Bengou ko Tanda bai kai na cikin gari samun dama ba, ƴan mata kuma sau da yawa wayar aro suke dogaro da ita.

Hana abin ba zai yiwu ba, sakin sa haka ma ɓarna ne. Ƙungiyoyin bita da ɗalibai ke yi da dare a gaban baƙin allo su ne wurin farawa: a fara warware tambaya da alli, sannan a nemi manhaja ta nuna inda aka kauce, washegari a kai wa malami ya tantance. Waya ɗaya ta ishi mutum biyar a irin wannan zama. Hukumomin ilimi su saki tsoffin takardun jarrabawa tare da gyaransu na hukuma, domin a sami ma'auni. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, tana iya horar da malaman lise da na kwaleji a jihar Dosso, inda Gaya take, kan yadda za su jagoranci wannan aiki, kuma ya dace a fara tun farkon shekarar karatu, kafin zafin jarrabawa ya taso.