Kwanon Karenka da Fatar 'Ya'yanka

Dubi karen da ke gadin gidanka. In gashinsa ya dushe yana zuba, fatarsa ta bushe, fara duba kwanonsa. Abinci mai gina jiki ne ke tsirar da gashi, maiƙo kuma ke sa shi sheƙi. Ƙanzo da ragowar tuwo suna cika ciki, amma ba su isa ba.

Ƙara masa dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya, da ƙaramin cokali na man gyaɗa. Kayan ciki daga mahauta, a dafa su sosai: ɗanye yana sa wa kare tsutsar da ke kama mutum. Kada a ba shi miya mai albasa ko tafarnuwa, suna ɓata masa jini. Ka yi haƙuri, sabon gashi yakan ɗauki kamar wata 2.

Ina ruwan asibiti da kare? Kare mai yunwa ya fi saurin kamuwa da makero da ƙazwa, yaran da ke wasa da shi kuwa suna ɗauka. Abinci kaɗai ba ya warkar da su. In kare yana susa ba hutawa, kai shi wurin likitan dabbobi. In ƙuraje sun fito wa yaro, kawo mana shi.