Gine-gine 900 a Ƙaramin Gari: Wa Ya Gina, Wa Ya Hana Rushewa?

A arewa maso gabashin jihar Sabuwar Meziko ta Amurka, inda shimfiɗaɗɗen filin ciyawa ya zo ya tokare da gindin duwatsun Sangre de Cristo, akwai wani gari mai suna Las Vegas. Ba shi ne birnin cacar nan na jihar Nevada ba. Wannan ya girmi wancan da shekara 70. A ƙidayar 2020 mutanensa sun ɗan haura 13,000. Amma a wannan ɗan gari akwai gine-gine sama da 900 da aka shigar cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar Amurka, adadin da birane da dama masu ninkinsa sau goma ba su kai ba.

Duk wanda ya zaga garin da idon basira zai ci karo da abubuwa uku da ba su dace da juna ba. Na farko, titunansa iri biyu ne. A yammacin kogin Gallinas hanyoyi ƙanana ne, suna lanƙwasa, suna fitowa daga wani dandali da ke tsakiya. Da an tsallake gada zuwa gabas sai a tarar da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, an yanka su murabba'i-murabba'i. Na biyu, otal ɗin Castañeda, wanda yana cikin gine-ginen garin mafi ƙayatarwa, ya juya wa gari baya. Na uku, mafi yawan manyan benayen kasuwancin nan an tashe su ne tsakanin 1879 da farkon ƙarni na 20, daga nan sai gini ya yi sanyi. Ina kuɗin ya fito? Me ya raba garin? Me ya tsayar da shi, kuma me ya hana a rushe abin da aka gina?

Zato na farko da zai zo wa mai nazarin yammacin Amurka shi ne zinariya ko azurfa, domin garuruwa da yawa a can haƙar ma'adini ce ta tashe su dare ɗaya, ita ce kuma ta watsar da su. Wannan zaton bai zauna ba, don ba rami ne ya azurta Las Vegas ba. Zato na biyu shi ne sarauta, amma fadar mulkin yankin tana Santa Fe tun zamanin Sifaniyawa. Tun da ba ma'adini ba ne, ba kuma mulki ba, sai a koma ga dandalin yamma a tambaye shi.

Dandalin ya fi komai tsufa. A 1835, lokacin da yankin yake hannun ƙasar Meziko, gwamnati ta ba wasu iyalai daga ƙauyen San Miguel del Bado filin noma da kiwo a bakin Gallinas, fili mai faɗin sama da eka 400,000. Ƙasar ba kango ba ce. 'Yan asalin yankin, Apache da Comanche, sun daɗe suna farauta da zirga-zirga a cikinta, kuma ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba. Shi ya sa manoman suka jera gidajensu na bulon ƙasa, bango manne da bango, suka kewaye fili ɗaya da za a kora dabbobi ciki idan an kawo hari. Suka haƙa babbar hanyar ruwa daga kogi zuwa gonaki. Titunan da ke lanƙwasa a yau suna bin wannan hanyar ruwa ne, da iyakokin gonaki, da sawun dabbobi. Ba wanda ya zana su a takarda.

Sai dai ƙauyen ya faɗo a kan babbar hanyar fatauci da ta haɗa Missouri da Santa Fe tun 1821. Ayarin amalanken shanu da ya shafe makonni yana ratsa fili, a nan yake fara ganin gari, a nan yake yada zango. Ta wannan hanyar Janar Stephen Kearny ya iso da sojojinsa a watan Agusta na 1846, ya hau rufin wani gida a bakin dandalin, ya shelanta cewa ƙasar ta koma hannun Amurka. A 1851 aka kafa barikin soja na Fort Union a kusa, mai sayen hatsi da nama da ciyawa. Fatake suka fara zama. Cikinsu har da Charles Ilfeld, Bayahude daga Jamus, wanda ya zo a 1867, da iyalan gida irin su Romero. Suna ba makiyaya kaya bashi, a biya su da gashin tumaki da fatu. Ga asalin arzikin ke nan. Amma arzikin amalanke bai isa ya ɗora bene mai hawa uku da tagogin gilashi ba, domin kowane gilashi da kowace ƙusa sai an jawo su da shanu tafiyar kilomita sama da 1,000.

Mabuɗin yana ga otal ɗin da ya juya baya. Idan aka zagaya ɗaya gefen Castañeda, za a ga farfajiyarsa da barandarsa da hasumiyarsa duk suna fuskantar abu guda: layin dogo. Ba don mutanen gari aka gina shi ba, don fasinjan da zai leƙo ta tagar tarago ne.

Kamfanin jirgin ƙasa na Atchison, Topeka da Santa Fe ya riga abokin hamayyarsa kama mashigin dutsen Raton a farkon 1878, ya gangaro kudu, kuma ranar 4 ga Yuli 1879 jirgi na farko ya shigo Las Vegas. Sai dai bai zo dandali ba. An shimfiɗa layin a gabashin kogi, wajen kilomita ɗaya da rabi daga tsakiyar gari. Kamfanin yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe domin layukan sauya tarago da wurin gyaran kawunan jirgi, tun da ya mai da garin zangon da ake canza ma'aikata da injuna. A yamma ƙasar tana da masu ita, ga gonaki, ga tudu. A gabas kuwa makiyaya ce mai araha, wadda za a yanka fuloti a sayar da riba mai tsoka da zarar an kafa tasha. Wannan ba tsautsayi ba ne, ɗabi'ar kamfanin ce: a 1880 ya yi wa Albuquerque haka, ya kafa tasha nesa da tsohon dandalinta, ita kuwa Santa Fe babban layin bai ma bi ta cikinta ba, sai reshe aka ja mata daga Lamy. Wanda ya san yadda Sabon Garin Zariya ya tashi a gefen tashar jirgi, a hayin Kubanni, nesa da ganuwar birni, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Cikin 'yan watanni tantuna da rumfunan katako suka cika gabas, kuma farkon zaman bai yi daɗi ba. 'Yan caca da 'yan bindiga sun biyo jirgi. Doc Holliday ya buɗe mashaya a 1879. Wani da ake wa laƙabi da Hoodoo Brown ya zama alƙalin sabon garin, ya naɗa 'yan barandansa 'yan sanda, suna fashi da sunan doka, har sai da jama'a suka fusata a 1880 suka tarwatsa su. Bayan ƙura ta lafa, masu awon fili suka bar abin da ake gani yau: tituna masu lamba, filayen shaƙatawa, gidaje masu baranda irin na gabashin Amurka, da sito-sito na manyan 'yan sari jere a bakin layi. Mazauna gabas yawancinsu baƙi ne masu Turanci, na yamma 'yan gida ne masu Sifaniyanci. Kogin ya zama iyakar harshe, da coci, da siyasa.

A nan ne amsar yawan gine-ginen take. A wurare da dama tsohon gari yakan sallama, 'yan kasuwarsa su kwashe su koma tasha. Attajiran dandalin Las Vegas sun ƙi. Jirgin da ya guje su shi ya kawo musu kayan yaƙi: jan bulo, kwanon rufi, ginshiƙan ƙarfe, gilashi, katako gogagge, duk a farashin da amalanke bai taɓa saukewa ba. A 1882 Benigno Romero da abokansa suka buɗe otal ɗin Plaza mai hawa uku a bakin dandali. Ilfeld ya ɗora katafaren kantinsa na dutse a jikinsa. Aka ja layin keken doki mai ɗaukar fasinja daga tasha zuwa dandali, titin gada ya cika da shaguna hagu da dama. Har gidajen ƙasa na talakawa suka sami rufin kwano a kan tsohon bangonsu.

Gabas ma ba ta zauna ba. Ta yi rajistar kanta a matsayin gari mai cin gashin kai a 1888, yamma ta bi sahu a 1903. Kowane ɓangare da magajin garinsa, da 'yan kwana-kwanansa, da makarantunsa, da kasuwarsa. Duk abin da gari ɗaya zai gina sau ɗaya, nan sai an gina shi sau biyu, kuma kowa yana so nasa ya fi. Yahudawan garin suka gina wurin ibadarsu a 1886. Aka kafa makarantar horon malamai a 1893, wadda ita ce jami'ar Highlands ta yau. Ɗakin karatu na Carnegie ya tashi a 1904. Kamfanin jirgi da kansa ya shiga gasar: ya gina otal ɗin Montezuma a wurin maɓulɓular ruwan zafi, kilomita 10 daga gari, ya ƙone, aka sake, ya sake ƙonewa, aka tashe shi karo na uku a 1886. A 1898 aka gina Castañeda aka damƙa wa Fred Harvey, mai ciyar da fasinjojin layin, kuma a 1899 Theodore Roosevelt ya zo garin domin taron tsofaffin mahayan da ya jagoranta a yaƙin Kuba. A lokacin Las Vegas tana kafaɗa da kafaɗa da Albuquerque.

Wannan bunƙasa ba kyauta ta zo ba. Filin da aka ba iyalan 1835 domin kowa ya yi kiwo ya yi itace, masu kuɗi suka fara kewaye shi da waya mai ƙaya, ana kuma sare dazuzzukansa domin katakon shimfiɗar layi. Daga 1889 wasu talakawa ƙarƙashin Juan José Herrera, waɗanda aka sani da Gorras Blancas saboda fararen hulunan da suke rufe fuska da su, suka riƙa fita da dare suna datse waya, suna lalata katakon layi. Wanda ya tsaya yaba benayen nan ya kamata ya san cewa da gashin tumakin waɗannan mutane da makiyayarsu aka biya wani sashe na kuɗin bulon.

Saura tambayar abin da ya tsayar da agogo. Ita ma amsarta tana kan layi, amma nesa da gari. A mashigin Raton jirgi yana hawa sama da mita 3 a kowace tafiyar mita 100, sai an ƙara kawunan jirgi suna turawa, a kudu kuma ga hawan Glorieta yana jira. Kowane taragon kaya da ya bi ta nan asara ce ga kamfanin. Don haka ya shimfiɗa sabuwar hanya ta kudu, daga Texas ta Clovis zuwa Belen, wadda ta fara aiki a 1908. Manyan jiragen kaya suka koma can. Tun kafin nan wasu layukan sun ratsa gabashin yankin, makiyayan da a da sai sun zo Las Vegas suka sami tasha a kusa da su. Kamfanin Ilfeld ya karkata harkarsa zuwa Albuquerque. A shekarun 1920 farashin amfanin gona da dabbobi ya faɗi, bankuna suka rufe, fari da karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 suka ƙarasa. Montezuma ya daina karɓar baƙi tun 1903, Castañeda a 1948.

Abin da ya zama masifa ga aljihu shi ya zama garkuwa ga bango. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Amurka masu kuɗi sun yi ta rushe tsofaffin unguwanninsu suna kafa benayen siminti da wuraren ajiye motoci. Albuquerque, wadda ta ci gasar, ta rasa otal ɗin Alvarado, ɗan'uwan Castañeda da ya fi shi girma, wanda aka rushe a 1970. A Las Vegas ba mai neman filin, ba mai kuɗin rushewa. A wannan shekarar ce ma, 1970, garuruwan biyu suka haɗe ƙarƙashin hukuma ɗaya, kodayake har gobe kowane hayi yana da hukumar makarantunsa.

Amma kada a ce talauci kaɗai ya yi aikin. Talauci yana hana rushewa, ba ya toshe yoyon rufi, kuma ginin da ruwa ya shiga ba ya buƙatar mai rushe shi. Akwai iyalan da suka ci gaba da zama a gidajen kakanninsu suna yaɓe suna gyara. Akwai Montezuma da ya sake samun masu shiga bayan an kulle shi: makarantar horon limaman Katolika na Meziko daga 1937 zuwa 1972, sannan kwalejin ɗalibai daga ƙasashen duniya tun 1982. Bayan dokar kare wuraren tarihi ta 1966, 'yan garin suka kafa kwamiti, suka bi gida-gida suna rubuta shekarar kowane gini da mai shi, kuma wannan aikin ne ya haifi adadin 900. An gyara otal ɗin Plaza a 1982. Castañeda ya shafe kusan shekara 70 yana lalacewa kafin Allan Affeldt ya saye shi a 2014, ya buɗe shi a 2019.

Kamfanin jirgi ya yanke wa Las Vegas hukunci sau biyu ba tare da ya shawarce ta ba, a 1879 da 1908, kuma duka biyun lissafin riba ne. Abin da ya rage a hannun mutanen gari shi ne yadda za su amsa. Karo na farko sun amsa da gini, karo na biyu da riƙo. Duk garin da hanya ta kauce wa yana da wannan zaɓin, kuma rubuta sunan gini a kundi somin-taɓi ne. Ginin da zai rayu shi ne wanda aka samar wa mai kwana a ciki da mai biyan kuɗin gyaran rufinsa.