Makomar Ɗaukar Hoto: Darasi Daga Bakolori da Jangebe

 An nemi in yi bayani a kan makomar ɗaukar hoto ta fuska biyu, watau ta sha'awa da ta sana'a. Tambayar da ke bakin mutane ita ce: tun da yanzu kusan kowa yana yawo da kyamara a aljihunsa, shin mai hoto yana da sauran abinci? Zan amsa ta da misalai daga yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, domin abubuwa biyu sun auku a can waɗanda suka isa darasi.

Amma kafin nan, ya kamata mu waiwayi tushe. Tun wajen shekara dubu da suka wuce masanin nan Ibnul Haisam ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a bangon ɗaki mai duhu. Abin da ya gagara shi ne tsayar da surar don kada ta gushe. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Faransa, kuma a 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da ƙaramar kyamara wadda ko wanda bai koyi sana'ar ba zai iya amfani da ita. Daga nan ne ɗaukar hoto don sha'awa ta samo asali. A Nijeriya kuwa, Jonathan Adagogo Green na Bonny yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi sana'ar tun kafin 1900.

Dattawan cikinku za su tuna mai hoton kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake lulluɓe kansa da shi. Za su tuna mai situdiyo, wanda ake cika shagonsa ranar Salla, a jira kwana da kwanaki kafin a wanke fim. Cinikin waɗannan mutane ya tsaya ne a kan abu guda: suna da na'urar da sauran jama'a ba su da ita, kuma sun san sirrin ɗakin duhu.

Wannan gata ya kau. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, daga baya kuma wayoyin suka zo da kyamara. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 10 ba. Kodak kansa ya durƙushe da bashi a 2012. A nan gida, hatta hoton fasfo, wanda shi ne tuwon yau da kullum na mai situdiyo, ya ja baya, domin wajen rajistar katin zaɓe da katin ɗan ƙasa da lambar banki ta BVN, hukumomin ne ke ɗaukar hoton mutum da na'urorinsu. Saboda haka wanda bai iya kome ba sai danna maɓalli, gaskiya kasuwarsa ta watse.

To, me ya rage? A nan ne misalan namu za su yi amfani. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, don noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Manoman da aikin ya ci gonakinsu da gidajensu suka yi ta kukan diyya, har suka tare hanyoyi, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu da bindiga. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba: hukuma ta faɗi adadi kaɗan, wasu masu bincike kuwa sun ambaci ɗaruruwa. A wancan zamani kyamara tana hannun 'yan jarida da ma'aikatan watsa labarai da masu situdiyo na birni. Manomi ba shi da shaida sai bakinsa.

Bayan shekara 41, a daren 26 ga Fabrairu 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati da ke Jangebe. Kafin kwana ya zagayo duniya ta ga hotunan ɗakunan kwanansu fayau, ga kayansu a warwatse. Ranar 2 ga Maris aka sako su, aka ga hotunan 'yan mata 279 a gidan gwamnati a Gusau. Babu mai iya cewa abin bai faru ba. Gani ya kori ji. Ashe babban aikin hoto shi ne shaida, kuma wannan aiki bai mutu ba, ya ma bazu ne zuwa hannun talaka.

Sai dai shaida tana da sharuɗɗa, kuma uku daga cikinsu suna cikin haɗari. Na farko shi ne gaskiya. A kan ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a watsa ta WhatsApp a ce a ƙauye kaza aka ɗauka jiya. Bugu da ƙari, ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta tana iya haifar da hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A watan Maris na 2023 mutane da yawa a duniya sun gaskata hoton Paparoma Francis cikin wata farar rigar sanyi, alhali na'ura ce ta zana shi. Na biyu shi ne mutunci. Ɗaliban Jangebe yara ne a lokacin, amma fuskokinsu na ranar tashin hankali suna nan a intanet, za su bi su har gidajen aurensu. Na uku shi ne adanawa. Hoton kakanninmu na takarda yana nan a cikin adaka, amma dubban hotunan da ke cikin waya kan tafi ranar da aka sace ta ko ta lalace. Hanyar aika su ma ba tabbas ce da ita ba, kamar yadda aka gani a Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara na makonni da dama.

Daga waɗannan abubuwa uku za a gane inda sana'ar ta dosa. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mai hoton gobe zai ci abinci ne da abin da mai waya ba zai iya bayarwa ba: sanin haske, iya tsara taron biki da naɗin sarauta da hawan Salla, buga hoto mai ƙarko, da kuma suna na gaskiya, ta yadda jarida ko kotu ko ofis za su karɓi hotonsa ba tare da shakka ba. Zai kuma ci riba idan ya adana aikinsa. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda a yau ake nunawa a manyan gidajen tarihi na duniya. Malick Sidibé, mai situdiyo a Bamako, ya sami babbar lambar yabo a Venice a 2007 saboda hotunan samari da 'yan matan garinsu. Fati Abubakar kuwa ta yi suna da hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri, a lokacin da duniya ba ta ganin kome daga can sai bom.

Ga ɗalibai masu sha'awa, shawarata ita ce ku ɗauki abin da kuke ganin bai kai a ɗauka ba: kasuwar Talata, dashen shinkafa a Bakolori, maƙera da masaƙa, tsofaffin gine-ginen ƙasa kafin a rushe su. Ku rubuta rana da wuri a kan kowane hoto, ku nemi izni kafin ku ɗauki fuskar mutum, ku kuma buga mafi kyawu a takarda. Jangebe tana da manoma da malamai da bukukuwa. Bai dace a ce hoton rana ɗaya ne kaɗai duniya ta san ta da shi ba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma, ina roƙon kowace ƙaramar hukuma ta nemi tsofaffin masu hoto da ke raye, a kwafi abin da ke cikin akwatunansu kafin gara ta cinye, a ajiye a wuri irin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Kyamara ta zama ta kowa. Abin da ya yi ƙaranci yanzu shi ne mai riƙon amanar abin da ta gani, kuma a nan ne makomar sana'ar take.