Ƙara wa Tsohuwar Marsandi Mai Ƙofa Biyu Ƙarfin Birki: Abin da Ke Tsayar da Mota da Abin da Ke Cin Kuɗi Kawai

Daga cikin tsofaffin motocin alfarma da har yanzu masu su ke ji da su akwai Mercedes-Benz samfurin 124, wadda aka fi sani a Nijeriya da Bi-but saboda siffar murfin but ɗinta, musamman nau'inta mai ƙofa biyu da kamfanin ya fitar a Jamus a shekarar 1987 ya kuma daina ƙerawa a 1996, wato irin su 230 CE da 300 CE da E 320. Ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara talatin a duniya, amma injin mai silinda shida, in ya samu kulawa, yana iya kai motar fiye da kilomita 200 a awa guda. Birki ne yakan riga injin gajiya, kuma da zarar mai mota ya ji fedar ta yi laushi ko motar tana jan ƙafa kafin ta tsaya, shawarar da ya fi samu a gareji ita ce ya sa manyan faranti da manyan kalifa na wata motar da ta fi tasa ƙarfi. Wannan shawara tana da inda take amfani, sai dai yawanci ana kawo ta a farko alhali a ƙarshe ya kamata ta zo.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Idan direba ya taka feda, wani famfo da makanikai ke kira masta yana tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa kalifa, wato matsen ƙarfen da ke rungume da farantin da ke juyawa tare da taya, sai kalifar ta matsa takalman birki guda biyu, waɗanda ake kira fad, a jikin farantin. Zafin da wannan guga ke haifarwa ba kaɗan ba ne: motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, in aka tsayar da ita daga gudun kilomita 100 a awa, zafin da ke shiga farantanta cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa kusan lita biyu na ruwa, kuma fiye da rabinsa yana sauka ne a kan tayoyin gaba, domin nauyin mota yana rinjaya gaba a lokacin tsayawa. Haka kuma nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, domin in gudu ya ninka sau biyu nisan yakan ninka sau huɗu. A kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, tsayawa daga kilomita 100 tana cin kamar mita 50, daga kilomita 120 kuwa ta haura mita 70, ban da mita 28 ko fiye da motar ke shafewa a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta isa kan feda.

Abin da masu sayar da manyan faranti ba su cika faɗa ba shi ne cewa faranti yana tsayar da taya ne kawai, taya kuma ita ke tsayar da mota, ta wani ɗan fili da bai wuce faɗin tafin hannu ba inda roba ke taɓa kwalta. Birkin da ke da ƙarfin daskarar da taya har ta ja a ƙasa, ko ya sa na'urar ABS mai hana taya daskarewa ta fara bugun feda, ya riga ya kai iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, kuma ƙara masa girma ba zai rage nisan tsayawa ɗaya ta gaggawa ba. Lafiyayyen birkin asali na waɗannan motoci yana da wannan ƙarfin. Saboda haka mutumin da ya kashe maƙudan kuɗi a kan kalifa mai fistin huɗu ya kuma bar tayoyin Beljiyam da suka bushe suka tsattsage a gefe, ya sayi ado ne kawai. Shekarun taya a rubuce suke a jikinta cikin lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, inda 2319, alal misali, ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Zanen da ya gaza milimita 1.6 zurfi ya ƙare aiki, iskar da mai faci ya ɗura fiye da abin da kamfani ya rubuta tana rage filin da ke taɓa ƙasa, shokar da ta mutu kuma tana barin taya ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta manne.

Inda babban faranti ke da amfani na gaskiya shi ne wajen jure zafi, domin ƙarfe mai yawa ya fi jinkirin yin ja, ya kuma fi saurin hucewa. Direban da ke sauko da mota cike da mutane da kaya a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, yana riƙe da birki daga sama har ƙasa, shi ne yake gamuwa da abin da ake kira shanyewar birki, wato fad ya yi zafi har ya daina kamawa duk da fedar tana da tauri. Amma ko a nan maganin farko kyauta ne, domin mayar da giya zuwa lamba 3 ko 2 yana sa injin ya rage wa birki wahalarsa.

Akwai shanyewa iri na biyu da ta fi wannan muni, inda feda ke nutsewa har ƙasa babu komai, kuma tushenta man birki ne. Man birkin da aka saba da shi yana zuƙar danshi daga iska sannu a hankali, ta bakin tankinsa da ta jikin tiyon roba, ruwan da ya shiga kuma yana rage zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Bisa ma'aunin da hukumar sufuri ta Amurka ta gindaya, sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma in ya sha ruwa kamar kashi 3.7 cikin ɗari iyakar takan sauko zuwa 155. DOT 3 yana farawa daga 205 ya sauko 140, DOT 5.1 kuwa daga 260 zuwa 180. Man da ya tafasa yana zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar soso, don haka ƙafa ke tafiya ƙasa ba tare da ƙarfin ya isa kalifa ba. Shi ya sa ake zubar da man gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a kuma cire iska daga kowace taya. Ƙari a kan tsohon mai, wanda shi ne al'adar yawancin direbobi, bai wadatar ba. DOT 5, duk da kamannin suna, mai ne na daban da aka yi da silikon, ba ya gauraya da sauran kuma bai dace da mota mai ABS ba. Ruwan omo da wasu ke ɗurawa a tanki idan mai ya yanke musu a hanya kuwa yana tafasa a wajen digiri 100, yana kuma cinye fistin da tsatsa daga ciki.

Bayan mai sai sassan da shekaru suka ci. Tiyon roba da ke haɗa bututun ƙarfe da kalifa yakan kumbura idan an taka birki, ko ya ruɓe daga ciki ya hana mai komawa, sai taya ɗaya ta riƙa ɗaukar zafi ita kaɗai. Sauya su huɗun duka, da na asali ko da masu saƙar waya a jiki, yana dawo da taurin feda. Kalifar gaba ta mafi yawan waɗannan motoci mai zamiya ce a kan ƙusoshi biyu, in kuwa ƙura da tsatsa suka kama su sai fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa, motar ta riƙa fizga gefe. Kowane faranti yana da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, wanda ya gaza haka jefarwa ake yi, kuma biyu-biyu ake sauyawa, dama da hagu. Wajen sayen fad, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, abin dubawa shi ne alamar 90R, wadda ke nuna an gwada shi bisa ƙa'idar Turai da ta hana fad ɗin canji ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, ko da yake masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka arahar da ta wuce hankali ita kanta gargaɗi ce. Ƙurar tsohon fad na iya ƙunsar asbestos, ma'adinin da ke jawo cutar huhu da sankara, saboda haka da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba a hura ta da baki ko da iskar kwamfiresa.

Gyaran gangar Auzinawa ya fi yawa a kan ABS, na'urar da Mercedes-Benz da Bosch suka fara sa wa motocin kasuwa a 1978 domin hana taya daskarewa, ta yadda direba zai iya juya sitiyari yana cikin taka birki. Idan fitilarta ta kama, sau da yawa laifin na ɗan firikwensin da ke jikin taya ne ko wayarsa, amma wasu makanikai sukan cire ƙwan fitilar, ko su tsallake na'urar gaba ɗaya su ce sun mayar da birkin na gargajiya. Daidai da wannan a haɗari shi ne toshe bututun da ke yoyo da ƙusa, a bar mota da birkin taya uku.

Wanda ya gama duk wannan kuma har yanzu yana buƙatar ƙari, saboda yawan hawa da sauka ko don ya ƙara wa injin ƙarfi, hanya mafi aminci ita ce ya tsaya cikin dangin motar. Farantin gaba na 300 CE milimita 284 ne a faɗi, 500 E kuwa, wadda aka harhaɗa tare da kamfanin Porsche a farkon shekarun 1990, ta zo da faranti mafi girma da kalifa mai fistin huɗu irin na SL, kuma kayanta suna buƙatar rim mai inci 16 a maimakon 15. Sai dai birkin gaba da na baya da masta an auna su ne tare: in aka ƙara girman fistin na gaba kawai feda takan yi tsawo, tayoyin baya su rage aiki, nisan tsayawa ma ya ƙaru, in kuma baya ya fi ƙarfi motar takan juya da gindi a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Faifan tazara da ake cusawa don rim ya wuce kalifa yana buƙatar dogayen ƙusoshi masu inganci, haƙa sabon rami ko walda a mazaunin kalifa kuwa bai dace da motar da ke ɗaukar iyali ba. Faranti mai huje-huje ya fi saurin tsagewa daga bakin ramukan, fad ɗin tsere kuma ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, ga shi tsayawar gaggawa a gari takan zo ne birki yana sanyi.

Sabon fad da sabon faranti suna buƙatar kilomita 200 zuwa 300 na tafiya a hankali kafin fuskokinsu su zauna da juna. Kafin a fita da motar daga gareji ana taka feda sau da yawa har ta yi tauri, a riƙe ta na rabin minti injin yana aiki a ga ko za ta nutse, sannan a nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa a gwada tsayawa daga kilomita 40, a lura ko sitiyari yana fizga gefe, a kuma leƙa bayan kowace taya a ga ko akwai ɗigon mai.