Bayani A Kan Sunan Yanka Da Sunan Gida A Harsunan Duniya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya tafi yankar fasfo, ko buɗe ajiya a banki, ko biyan kujerar Makka, za a miƙa masa takarda mai gurbi biyu. Gurbin farko na sunan yanka ne, wannan ba ya ba kowa wahala. Na biyun kuwa, watau na sunan gida, a nan ake ruɗewa. Wani ya sa sunan ubansa, wani na kakansa, wani na garinsu, baɗi kuma ya sake. Dalili shi ne Bahaushe bai gaji sunan gida ba, tsari ne na waɗansu al'ummai. To, ya kamata mai karatu ya san inda su suka samo nasu, domin ya san abin da zai rubuta a gurbin nan da abin da zai kiyaye.

A fara da sunan yanka. Suna matafiyi ne, kowane harshe ya sauka a kansa sai ya lanƙwasa shi. Muhammadu a bakin Bahaushe ya zama Mamman, a Barno Modu, a Sanagal Mamadu, a Turkiyya Mehmet. Abubakar ya zama Habu ko Garba, Fulani suka ce Buba, Barebari suka ce Bukar. Sunan Annabi Yahaya shi ne John a Ingila, Jean a Faransa, Ivan a Rasha. Yusufu shi ne Joseph da José, asalinsa kuwa Ibrananci ne, ma'anarsa zai ƙara. Sa'an nan Lawal da Sani da Salisu da Rabi'u, har zuwa Ashiru, ƙidaya ce ta Larabci, watau Muhammadu na ɗaya, na biyu, na uku, har na goma. Rumawan dā ma suna da irin wannan, Quintus na biyar, Sextus na shida.

Haka sunan rana da na yanayin haihuwa, ba Hausawa kaɗai ke da su ba. Fataken goro da suka zauna zangon Kumasi sun san Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame kuwa Ɗan'asabe. Wanda aka haifa bayan tagwaye Bahaushe ya kira shi Gambo, Bayarabe ya kira shi Idowu. Harshe daban, nufi ɗaya.

Amma sunan yanka kaɗai ba ya rarrabe mutane, gama unguwa ɗaya tana iya tara Muhammadu ashirin. Larabawa sun yi maganin wannan da abu biyar: suna, da alkunya, da nasaba, da danganci, da laƙabi. Dubi mai Sahihi, wanda aka haifa a shekara ta 194 ta Hijira, ya rasu a 256. Alkunyarsa Abu Abdullahi, sunansa Muhammadu, nasabarsa ɗan Isma'ila, dangancinsa Buhari, domin garin Buhara da ke ƙasar Uzbekistan a yau. Wani lokaci ma alkunya takan rufe suna. Almajirai nawa ne suka san sunan Abu Hanifa Nu'umanu ɗan Sabitu, sunan Sayyidina Abubakar kuwa Abdullahi?

Idan an duba sunayen gida na yawancin al'ummai, za a tarar daga rijiya huɗu aka ɗebo su: uba, sana'a, gari, siffa.

Ta farko ita ce uba. Abin da Bahaushe ke faɗi da "ɗan", Balarabe da "ibnu", shi Baturen Ingila ke faɗi da "son" a ƙarshen suna, saboda haka Johnson ɗan Yahaya ke nan. Mutanen Sikotilan suna sa "Mac" a gaba. Sifaniyawa suna da "ez", Fernández ɗan Fernando. Rashawa suna da "ov", Farisawa "zade", Turkawa "oglu". Shehu Usmanu ma da wannan aka san shi, gama Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne, ma'anarsa malami.

Ta biyu sana'a. Sunan gida da ya fi yawa a Ingila da Amurka shi ne Smith, ma'anarsa maƙeri. Shi ne Schmidt a Jamus, Ferrari a Italiya, Kowalski a Polan, Haddad a ƙasashen Larabawa. Wanda ya fi yawa a Jamus, Müller, mai niƙa ne. Malamai sun san Hariri mai Maƙamatu, an danganta shi ga alharini, da Zajjaju malamin nahawu, wanda ya fara da aikin gilashi. Su Maigoro da Maishanu da Maituta na kasuwannin Hausa duk 'yan wannan rijiya ne.

Ta uku gari ko ƙabila. Ƙurɗubi daga Ƙurɗuba ta Andalus ne. Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, an danganta shi ga ƙabilarsa Magila ta Barbar. Bature mai suna Hill kakansa a gindin tudu ya zauna, mai suna Wood kuwa a bakin kurmi.

Ta huɗu siffa. Rossi, wanda ya fi yawa a Italiya, mai ja ne, kamar a ce Jatau. Long shi ne Dogo. A cikin masu ruwayar hadisi akwai A'amashu mai raunin ido da A'araju mai ɗingishi. A nan akwai hukunci. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, malamai kuwa sun yi rangwame ne idan ba a gane mutum sai da laƙabin, ba tare da nufin ƙasƙanci ba.

To, ina bambancin yake? Bambancin shi ne Turawa sun daskarar da laƙabin, ya zama gado. Jikan maƙeri ko da ya zama alƙali Smith ne, jikan Dogo ko gajere ne Long za a kira shi. A Ingila abin ya fara ga manyan masu ƙasa bayan cin da Normawa suka yi mata a 1066, wajen 1400 ya game yawancin gidaje. A waɗansu ƙasashe hukuma ce ta tilasta, domin haraji da ɗibar soja da lissafin gado. Japan ta wajabta wa talakawa sunan gida a 1875. Turkiyya ta yi dokarta a 1934, a shekarar ce majalisa ta ba Mustafa Kamal sunan Ataturk, watau uban Turkawa. Mutanen Sin kuwa sun riga kowa, kuma sunan gida suke gabatarwa kafin na yanka. Ɗan kasuwar da ke sayayya a Gwanju ya lura, idan abokin cinikinsa ya ce shi Wang Wane ne, Wang ɗin na gidansu ne. Amma mutanen tsibirin Aisilan, can arewacin Turai, har yanzu yawancinsu sunan uba suke bi, ɗa da 'ya kowa a kira shi da mahaifinsa, kamar Hausawa.

A ƙasar Hausa rajistar makarantar boko ce ta buɗe gurbin nan. Yaro yana jin kunyar faɗin sunan ubansa, ga kuma 'yan aji masu suna ɗaya, sai malami ya rubuta sunan gari. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina, daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wani gidan kuma laƙabi ne ya zauna masa. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, an danganta shi ga Tata, matar da ta rene shi, ga shi ya zama sunan zuriya.

Abin tsoro a nan biyu ne. Na farko na dukiya. Tun da aka shigo da lambar BVN a bankunan Nijeriya a 2014, aka kuma haɗa layin waya da lambar katin ɗan ƙasa, kwamfuta ce ke gwada sunaye, ita kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Ba ta san Issoufou da Ousmane na takardun Nijar su ne Yusufu da Usmanu ba. Mutum ya zama Sani Garba a banki, Muhammad Abubakar a fasfo, Sani Kura a takardar fili. Ran da ya kwanta dama, magada ne za su yi ta zirga-zirgar kotu da rantsuwa kafin su kai ga hakkinsu.

Na biyu na nasaba, shi ya fi nauyi. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka da umurnin a kira kowa da ubansa, aka mayar masa da sunan Harisa. A kan nasaba ake gina gado da walicin aure da sanin muharramai. Saboda haka wanda ya yi riƙon yaro kada ya shafe sunan mahaifinsa ya sa nasa. Mace kuma sunan ubanta nata ne, aure ba ya ɗauke shi. A'isha 'yar Abubakar take, haka littattafai suka san ta. Wanda ke ganin abin ƙarami ne ya tuna baƙaƙen Amurka, waɗanda bauta ta yanke wa nasaba aka liƙa musu sunayen iyayengiji. Don haka ne ɗan damben nan ya yar da Cassius Clay a 1964 ya zama Muhammad Ali.

Shawara ga magidanta da malaman makarantun allo ita ce, ranar suna a rubuta uku a jere: na yaro, na ubansa, na kakansa, kamar yadda ake yi a Masar da Sudan. A rubuta da ajami, a rubuta da boko, a tsaya a kan harafi ɗaya a kowace takarda. Sunan gari da na sana'a da na alkunya halal ne, a ci gaba da kira da su a gida da kasuwa, amma kada su ture sunan uba daga gurbinsa. Allah ne Mafi sani. Haza wassalamu.