Manhajar Kyauta Ce, Amma Aikin Na Cin Kuɗi: Gurbin Fasaha a Kasafin Binciken Lafiya

Duk likitan da ke son gwada sabon magani, ko bibiyar masu ciwon sikila na tsawon shekaru, sai ya nemi tallafi. A Najeriya akwai asusun bincike na ƙasa da TETFund ke kula da shi, a waje kuma akwai hukumar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya. Kowannensu sai an miƙa masa kasafin kuɗi dalla-dalla, kuma waya da kwamfuta na da kaso mai tsoka a ciki.

Yanzu ma'aikatan bincike kan shiga asibiti ko ƙauye da wayar Android mai ɗauke da ODK ko KoboToolbox, su cike fom ko babu sabis, su tura daga baya. Asibitocin koyarwa da dama kuma sun fi son REDCap, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Vanderbilt a 2004. Kyauta ake ba cibiyoyin da ba riba suke nema ba, amma su za su ɗora ta a kan sabarsu.

A nan ne masu rubuta kasafi ke tuntuɓe. Ba a biyan kuɗin manhajar, amma ana biyan na saba, wayoyi, data, sola ko fawa bank, horar da ma'aikata, da albashin mai kula da bayanai. Wayar da aka saya a shekarar farko ba lallai ta kai ta uku ba, farashinta kuma na bin dala. Idan aka manta da kuɗin ajiyar kwafi na biyu, na'ura ɗaya ta lalace, bayanan marasa lafiya na watanni sun tafi ke nan.

Tun daga 25 ga Janairun 2023, NIH ta wajabta wa masu neman tallafinta su rubuta tsarin adana bayanai da raba su, ta kuma yarda a saka kuɗin hakan a kasafi. A gida ma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan lafiyar wani.

Ga matasa, wannan ƙofar aiki ce. Fom ɗin ODK da Kobo a Excel ake tsara shi, da salon da ake kira XLSForm. Wanda ya iya shi, ya kuma san kulle bayanai da ajiye kwafinsu, zai iya samun gurbi a tawagar bincike ko bai taɓa karanta likitanci ba.