Bindiga Mara Nauyi da Kafaɗar Dattijo

Koira Kano unguwa ce ta manyan gidaje a Yamai: dogayen katangu, masu gadi a bakin ƙofa, ofisoshin ƙungiyoyin waje nan da can. Ba nan mutum zai nufa in yana neman maharbi ba. Amma cikin tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zauna hutu a irin wannan unguwa, akwai waɗanda suka tashi a karkarar Dogon Dutsi ko Konni ko Tasawa, suka san harbin zabon daji da fakara tun suna samari, kuma har yau bindigar tana jingine a bayan kabad. In hira ta biyo ta kanta, kukan ɗaya ne: ta yi nauyi. Abin da a da ake wuni da shi a kafaɗa, yanzu tafiyar awa guda sai hannu ya fara rawa. Daga nan shawarwari ke fitowa. Wani ya ce a ba kafinta ya fere gindin, wani ya ce a nemo wata mara nauyi.

Wannan buri ba na dattawanmu kaɗai ba ne. A Amurka sana'a ce sukutum. Wani maƙeri mai suna Melvin Forbes ya yi suna tun a tsakiyar shekarun 1980 da ƙera bindigogin farauta da ba su fi kilo 2 da ɗan ɗoriya ba, a lokacin da na yau da kullum ke kai kilo 3 da rabi zuwa 4. Ya rage ƙarfe duk inda ƙarfe bai da aiki, ya bar katako ya koma wa zaren roba mai ƙarfi. Masu sayen irin waɗannan yawanci masu hawan duwatsu ne da waɗanda shekaru suka fara kamawa. Su ne kuma suka fi kowa sanin cewa nauyin da aka cire wa bindiga ba ɓacewa yake yi ba. A kafaɗa ake biyansa.

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalekwale a bakin kogin Isa ya san dalilin, ko bai je makaranta ba. In ka yi tsalle daga ƙaramin kwalekwale zuwa gaɓa, sai ya zille baya, wani lokaci ma ka tsinci kanka cikin ruwa. In daga babban jirgin dakon kabewa ka yi tsallen, da ƙyar zai motsa. Turin da ƙafarka ta yi ɗaya ne, nauyin abin da aka tura ne ya bambanta. Isaac Newton ya rubuta wannan ƙa'ida a 1687: duk abin da ya tura wani, shi ma an tura shi daidai gwargwado. Albarushi na kamawa, sai ya tura dalma gaba, ya tura bindiga baya. Wannan shi ne shurin da maharba ke kuka da shi.

Bari mu sa lissafi, don a nan ne abin yake da daɗi. Ɗauki bindigar tsuntsaye mai lamba 12, wadda ta fi yawa a hannun maharban ƙasashenmu. Harsashinta na yau da kullum yana ɗauke da ƙwayoyin dalma giram 32, suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. In bindigar ta kai kilo 3.2, za ta dawo baya da gudun mita 4 a daƙiƙa, da ƙarfin da ya kai jul 26. Jul awo ne na ƙarfin bugu, jul 10 shi ne kusan abin da kilo ɗaya ke saukowa da shi in ya faɗo daga tsayin mita ɗaya. To, a fere bindigar nan ta koma kilo 2.4, wato an rage mata kashi ɗaya cikin huɗu. Da harsashi iri ɗaya, shurin ya tashi zuwa jul 34, kuma ya fi saurin isowa. Wannan ma ban sa turin hayaƙin albarushi a ciki ba, shi ma yana ƙara nasa.

Yanzu a bar bindigar a kilo 2.4 ɗin, a taɓa harsashi. A maimakon giram 32 a sa mai giram 24. Shi ma kashi ɗaya cikin huɗu aka rage, amma shurin ya faɗo daga jul 34 zuwa 19, kusan rabi ya zube, har ya gaza na bindiga mai nauyin da aka fara da ita. Dalili kuwa, nauyin dalma da gudunta sau biyu suke shiga lissafin, nauyin bindiga sau ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gane maganar duka. Maƙeran Ingila sun daɗe da saninta. W. W. Greener na birnin Birmingham, wanda littafinsa kan bindiga ya fito a 1881, shi ake jingina wa ƙa'idar cewa bindigar tsuntsaye ta ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Giram 32 kenan tana son bindiga mai kilo 3, giram 24 kuma kilo 2.3 ya ishe ta.

Abin lura shi ne, bindigogin da suka fi yaɗuwa a nan dama can marasa nauyi ne. Simplex mai baki ɗaya, wadda kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne ya cika ƙasashen renon Faransa da ita, da Baikal ta Rasha da ta biyo bayanta, duk ba su cika kai kilo 3 ba. An yi su ne don araha da sauƙin ɗauka. Saurayi ya zuba mata harsashi mai nauyi, ta naushe shi, ya yi dariya. Dattijo ba haka ba.

Tsokar jikin ɗan Adam tana fara raguwa tun daga shekara 30, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. Naman da ke tsakanin gindin bindiga da ƙashin kafaɗa shi ne matashin da ke shanye bugun, in ya sirance sai bugun ya isa gaɓa kai tsaye. Jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar kafaɗa suna yawan tsagewa a tsufa, wasu ma ba tare da mai su ya sani ba. Mai shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta masa. Wanda aka yi wa aikin yanar ido, ko yake da matsala a bayan ido, ya tambayi likitansa kafin ya sake ɗora kunci a kan bindiga.

Amma ɓarnar da ta fi, a ganina, ba a fata take ba. Jiki yana da wayo, kuma ba ya mantuwa. In bindiga ta sha cin zalinsa, sai ya koyi karewa tun kafin bugun ya zo: ido ya rufe, kafaɗa ta ɗage, yatsa ya fizgi kunama. Duk wannan a cikin ƙiftawa yake faruwa, kafin dalma ta bar baki. Maharbin zai rantse idonsa biyu, ya ɗora laifin a kan harsashi ko iska ko tsufan ido. Sakamakon shi ne kuskure, ko abin da ya fi kuskure muni, a raunata gada ta shige duhuwa ta mutu a banza, ba a yanka ba, ba a ci ba.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma suna taruwa su yi yawa. Roba mai laushi a gindin bindiga ba ta rage ƙarfin shuri, tana dai shimfiɗa shi a kan lokaci mai ɗan tsawo da fili mai ɗan faɗi, jiki kuwa bambancin nan yake ji. Gindin ya dace da tsawon hannun mai shi. A danna shi sosai a lungun kafaɗa, don in aka bar rata sai bindiga ta samu filin gudu kafin ta yi karo. Sanda mai baki biyu da za a ɗora bakin bindiga a kai tana maganin rawar hannu fiye da fere katako. Igiya mai faɗi tana sauƙaƙa ɗauka. Kuma wa ya ce dole dattijo ya ɗauki bindigarsa da kansa duk tsawon hanya, alhali ga yara a bayansa?

Kunne ne dai ba wanda ke tunawa da shi. Ƙarar bindiga tana wuce desibel 140 a awon ƙara, iyakar da masana suka ce ko sau ɗaya kunne ya ji yana iya lalacewa, kuma abin da ya lalace a can ciki ba ya dawowa. Mai harbi da dama, kunnen hagu ne ke fara mutuwa, don shi ke fuskantar baki. Rage tsawon bakin bindiga yana ƙara ƙarar, haka ma ƙarfen nan mai huji-huji da Turawa ke ɗaurawa a baki don rage shuri. Abin toshe kunne kuwa kuɗinsa bai kai na harsashi biyu ba.

Adaka, bindigar gida da ake ɗura wa albarushi ta baki, maganarta daban ce. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa maƙeransa suka zuba masa a Zinder. Sai dai adakar yau sau da yawa da bututun da ba don wuta aka yi shi ba ake haɗa ta, ba kuma wurin da ake gwada ƙarfinta kafin a miƙa wa mai ita. Dubi 'yan bindigar sarki ranar hawan salla, yadda da yawansu ke nesanta ta da fuska kafin su saki. Ba don ado suke yi ba. A irin wannan bindiga nauyi shi ne kaurin ƙarfe, kaurin ƙarfe kuwa shi ne abin da ke tsakanin wuta da yatsun mutum. Wanda ya sa aka kankare ta don ta yi sauƙi, ko ya zuba mata albarushin da aka farke daga harsashin zamani, da hannunsa yake caca.

Sai kuma hukuma. An rufe farauta a Nijar a 1974, ta shafe shekara fiye da ashirin a rufe, sannan doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara yadda za a yi ta: da takardar izni, a lokacin da aka buɗe, kuma ban da dabbobin da aka kare, irin raƙuman dawan Kure. Riƙe bindigar kanta yana da tasa takardar, kuma ta gado ba ta zama halal a idon jandarma don kawai sunan mahaifinka ne a tsohuwar takarda. Dajin ma ya canja. Tun 2017 sassan jihar Tillaberi ke cikin dokar ta-ɓaci, a Kure aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agusta 2020, gandun dajin W kuma ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. Duk wanda ya fita daga Yamai a yau da bindiga a bayan mota, ko lamba 12 ce ta harbin zabi, a shingen farko na jami'an tsaro za a sauke shi ya yi bayani.